Taswirar Sifaniya da Likkafanin Inna

Akwai wani tabo a goshin yayana, daga saman girar hagu ya nufi cikin gashi, tsawonsa ya kai ɗan yatsa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce santsin banɗaki ne ya kwashe shi. Ƙarya yake yi, kuma domina yake yin ta. Ni na fasa masa kai, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a falona da ke unguwar Mesaimeer a birnin Doha, a kan wata tafiya zuwa ƙauyukan Sifaniya wadda har yau ban yi ta ba.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, shekara goma sha ɗaya tsakaninmu. Babanmu ya rasu ina aji biyu a firamare, saboda haka Yaya ne ya rene ni, kuma da hannu ya yi renon. Ya dake ni da wayar rediyo, ya dake ni da bel ɗin injin markaɗe, ranar da na faɗi jarabawar lissafi kuwa ya ɗaga ni sama ya maka ni da katangar zaure har na yi fitsari a wando. Na zama injiniya da shatar bulala a gadon bayana. Ban fito da takarda kaɗai ba, na fito da zuciyarsa. Aurena na fari wannan zuciyar ce ta kashe shi. Ban taɓa ɗaga wa matar hannu ba, amma ta gaji da ganin ƙofofi suna ɓallewa da wayoyi suna tarwatsewa a jikin bango, ta kwashe kayanta.

Ni na fara zuwa Doha, aiki a wani kamfanin iskar gas. Bayan shekara biyu shi ma ya iso, ya samu gadi a wani wurin gini a Al Rayyan, tsayuwar awa goma sha biyu a bakin ƙofa yana duba takardun masu shiga da fita. A unguwar Najma yake kwana, su takwas a ɗaki ɗaya, gado a kan gado. Na yi na yi ya dawo wurina, ga ɗaki nan babu kowa, ya ce shi ba zai kwana a gidan yaron da ya yi wa tsarki ba. Injiniya yake kirana, amma yadda yake jan kalmar sai ka rantse zagi ne.

Maganar Sifaniya kuwa a wurin cin abincin rana ta samo asali. Akwai wani dattijo Basifaniye da muke aiki tare, mai yawan surutu, wanda kullum sai ya tura min wayarsa gaba na ga garinsu. Wani yanki ne na karkara a yammacin ƙasar, can wajen iyakar Fotugal, duk duwatsu da kwazazzabai. Ruwan ne ya kama ni. Shekara shida ina ƙasar da ruwanta ko dai na gishiri ne, ko na famfo wanda da rana tsaka zai iya saluɓe maka fata. Sai ga hoton wani ƙauye, ruwa garai-garai yana gudu a wata 'yar hanya da aka yi masa a tsakiyar titi, babu mai gadinsa, babu mai sayar da shi. Ga wani wuri inda ƙorama ta rarake dutse ta yi ramuka kamar manyan tukwane, jere, kowace cike da koren ruwa, mutane suna tsalle suna faɗawa. Ga gangaren dutse cike da itatuwan wani ɗan itace ja mai kama da magarya, wai shi ceri, ya ce a farkon bazararsu har rassan suke karyewa. Na kalli hotunan nan har abincina ya huce.

Daga ranar na haukace. Na buga taswirar yankin a babbar takardar da muke zanen bututu, na shimfiɗa ta a teburin cin abinci, na danne kusurwoyinta da kofuna. Kwana tara na tsara, ƙauye bakwai. Sunayen sun fi ƙarfin harshena, sai na raɗa musu nawa da jan biro. Akwai Ƙauyen Gada, mai tsohuwar gadar dutse wadda mota ba ta bi. Akwai Ƙauyen Shamuwa, inda wasu tsuntsaye irin shamuwarmu suka yi sheƙa a kan hasumiyar coci. Akwai Ƙauyen Baranda, gidajensu na katako sun sunkuyo kan lungu har suna neman haɗa kai. Rana ta takwas na ware ta ga tukwanen dutsen nan, na rubuta a gefe cewa ranar waya a kashe take.

Dattijon ya yi min gargaɗi yana dariya cewa a ƙauyukan nan duk shagon da ka shiga cinyar alade ce a rataye a saman kanka, har miyar wake ba su bari ba. Sai na buɗe shafin guzuri: kilishi idan za a bari na shiga da shi, garin kwaki, dabino, kifin gwangwani, yaji. Ya ce daga ƙarfe biyu na rana kowa yake rufe shago ya tafi barci sai yamma, na rubuta. Na nemi motar haya ƙarama saboda lungunan. Na duba alƙibla daga kowane masauki, na ja 'yar kibiya. Na sayi takalmin hawan dutse, ina sa shi ina hawa benen gidanmu ina sauka don ya saba da ƙafata, maƙwabta suna kallona kamar sabon taɓi. Biza ta ci min kusan wata biyu ana kai takarda ana dawowa, ranar da ta fito na zauna a mota na daɗe ina kallonta.

Duk wannan babu Bahaushe ko ɗaya da ya sani. A wurinmu hutu gida ne, babu wata fassara. Kuma wanda zai je gida ba shi kaɗai ne da jakarsa ba, duk wanda ya sani yana da rabo a cikin kilonsa. Wannan ya kawo waya a kai wa matarsa, wancan abaya, wani dabino, wani takalman yara, kai kuma ba ka da bakin cewa a'a domin gobe kai ne mai ba da saƙon. To ta ina zan fara? Na tsaya gaban mutanen da suke shekara biyu ba su ga 'ya'yansu ba, na ce musu zan je ƙasar Turawa kallon dutse da ruwa?

Wata Juma'a muna cin shinkafa a wani ɗan gidan abinci a Najma, ni da Yaya da 'yan ɗakinsu, sai ɗaya daga cikinsu, wani direba, ya ce, "Injiniya, an ce hutunka ya fito. Gida za a leƙa ke nan?"

Kowa ya ɗago. Yaya ma ya tsaya da loma a hannu.

Na ce, "In sha Allahu."

Na san ƙarya nake yi tun kafin na rufe baki. Kafin mako ya zagayo saƙo goma sha ɗaya ne jibge a bayan kujerar falona, kowanne an naɗe shi da salatif an rubuta lambar waya a jiki.

Gaskiyar magana ba kunya kaɗai ba ce. Na gaji da hutun da ba hutu ba, daga gaisuwar mutuwa sai sulhun rigimar gona, ka dawo aiki ka fi lokacin da ka tafi gajiya. Sannan ina tsoro. Inna ta tsufa, ciwon ƙafa ya kwantar da ita, idanunta sun kusa rufewa. Duk zuwan da na yi sai na tarar ta ragu, kuma ba na son ganin abin da ya saura. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu.

Saƙon Yaya shi ne na ƙarshe, kuma bai haɗa shi da sauran ba. A azumin shekarar ya tafi Umara a motar haya, ya kwana a hanya, ya dawo ƙafafunsa a kumbure. Ashe Inna ce ta aike shi. Ta ce ba ta son zani, ba ta son turare, likkafaninta take so a sayo a can, a wanke shi da zamzam, a kawo mata ta ajiye a ƙasan akwati tun tana da rai. Ya saya, ya jiƙa shi da hannunsa, ya shanya a rana ya tsaya a kansa har ya bushe. Shi kuma kafil ɗinsa, wato uban gidan da ya ɗauke shi aiki, ba zai sake shi ya je gida ba sai baɗi. Saboda haka ya zo har gidana da farar leda a rungume a ƙirji, ya ƙi zama.

Ya ce, "Wannan ba ya shiga kayan ƙasa. A jakar hannu za ka sa shi. Hannunka, hannunta. Ka ji ni?"

"Na ji, Yaya."

"Likita ya ce wa 'yar uwarka jikin nan sai a hankali. Ban son ta riga shi."

Da yammacin ranar Inna ta sa aka kira ni. Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne, ni kuwa Auta take ce min ko da na yi furfura. Muryarta can ƙasa ta ce, "Auta, yayanka ya ce ya ba ka kayana. Ka taho min da su. Kullum sai na sa an share ƙasan akwatin."

Na ce to. Da na kashe wayar na tsaya a tsakiyar falo. Haushin Yaya nake ji, da na masu saƙo, da na Inna ma, Allah ya yafe min, don me sai bana za ta nemi likkafani. Na juya na tokari tarin kayan nan da takalmin hawan dutsen. Na ji wani abu ya fashe a ciki, ashe kwalbar turaren wani bawan Allah ce, ta jiƙe abayar wani. Hakan bai ishe ni ba, na kai wa ƙofar kabad naushi har ta lotsa, fatar yatsuna ta sale. Farar ledar kaɗai ban taɓa ba. Na ɗauke ta na ɗora a kan teburin gilashi na tsakiyar falo, na koma kan taswirata ina auna nisan Ƙauyen Gada da Ƙauyen Baranda da hannu mai jini.

Dabarar da na ƙulla ita ce, ana saura kwana biyu tafiya zan ce kamfani ya soke hutun, an tura ni aiki a teku inda waya ba ta shiga. Na yi kwana tarana, na dawo, na nemi wani mai tafiya gida na ba shi kayan. Kwana tara ne kawai, haka na riƙa gaya wa kaina, wace mutuwa ce za ta zaɓi waɗannan kwana taran.

Saura kwana huɗu, ranar Juma'a, na dawo daga masallaci na cire riga saboda zafi, na zauna a kan lissafin inda zan sha mai tsakanin ƙauye na biyar da na shida. Aka buga ƙofa. Na ɗauka mai kawo ruwa ne, na buɗe ban leƙa ba. Yaya ne, da ɗan sikelin rataye a hannu, irin mai ƙugiya, wanda 'yan ɗakinsu suke karɓa-karɓa duk lokacin da wani zai tafi.

Ya ce, "Yalla, yi maza fito da jakunkunan mu auna, kada su wulaƙanta ka a filin jirgi."

Ya wuce ni ya shiga. Ya ga kaya a jibge ko jaka ba a sa su ba, ya shaƙi ƙamshin turaren da ya fashe, ya dubi kabad. Sannan ya ƙarasa teburin cin abinci. Taswira tana nan a shimfiɗe, jan biro ko'ina, ga fasfona a kai ina danne da tikiti. Mutumin da aikinsa ke nan tun safe har yamma, duba takarda da kwanan wata, me zan ɓoye masa? Ya buɗe fasfon, ya tsaya a shafin biza. Ya ɗauki tikitin ya kai kusa da ido, leɓɓansa suna motsi.

"Wannan wane gari ne?"

"Yaya, zauna na yi maka bayani."

"Na ce wane gari ne. A Najeriya yake?"

"Sifaniya ce. Kwana tara ne kawai, ina dawowa zan..."

Ban ga tahowar hannun ba. Marin ya same ni a kunne, wuta ta ɗauke min, na ji wani dogon fito a cikin kaina. Kafin na dawo daidai ya ƙara min a ɗaya gefen, da bayan hannu, zoben azurfarsa ya tsaga min leɓe. Ya ci wuyan singiletina ya ja ni har kan taswirar ya danna fuskata a kai.

"Karanta min! Me ke nan ɗin? Uwarka ce a nan? Ƙauyen Shamuwa! Tsuntsu za ka je gaisarwa, tsohuwa tana kwance tana jiran likkafani?"

Ya buga kaina da teburin. Kofunan suka zube suka farfashe. Ya sake bugawa, na ji haƙorina na gaba ya motsa, gishirin jini ya cika min baki, na ga yana ɗiga a kan takardar. Ya sake ni ya yayumo taswirar ya keta ta biyu, ya keta huɗu, ya watsa min a fuska. Sannan ya ɗaga sikelin ya zabga min ƙugiyar a kafaɗa, ya ƙara a haƙarƙari, yana haki yana cewa maƙaryaci, munafuki, ka sa na gaya mata ranar da za ka iso, tana ƙirga kwanaki da yatsa.

Shekara talatin da biyar ina duniya ban taɓa rama dukansa ba. Ko hannu ba na karewa da shi, haka na saba, na sunkuyar da kai har ya gaji. Amma da na ga guntun takardar nan a ƙasa, inda na zagaye tukwanen dutse, sawun takalminsa a kai, wani abu ya tsinke min. Idona ya rufe. Na miƙe na cafke hannun da ke riƙe da sikelin na murɗe shi har ya saki, na ji ƙashin yana ƙara. Na kai masa naushi a baki. Na ƙara masa a ciki, ya tanƙware. Ina dukansa ina ihu, abin da nake faɗa ma ba na wannan ranar ba ne, ina cewa katangar zaure, ina cewa wayar rediyo, ina cewa ni ba jakinka ba ne. Ya rungumo ni muka yi kan kujera, muka kifar da ita, saƙonnin mutane suka watse muna tattaka su. Ya sa haƙori ya cije ni a dantse. A lokacin na gane ba shi da nauyi. Mutumin da nake gani kamar kuka tun ina yaro, tsayuwar ƙofa ta cinye shi, ƙashi ne kawai a cikin rigar Juma'a. Na gane hakan sarai, kuma ban tsaya ba. Na ɗaga shi na hankaɗa da duk ƙarfina.

Da ka ya sauka a kan teburin gilashin. Ƙarar ta cika gidan, sai kuma shiru.

Yana kwance a cikin fasassun gilasai, ido a buɗe yana kallon silin. Goshinsa ya dare, na hango fari a ciki kafin jinin ya taso. Da ya taso kuwa ba ɗiga yake ba, bulbula yake, ya rufe masa ido ɗaya, ya gangara cikin kunne, ya malala kan tayil. Na durƙusa a kan gilasan ban ma ji suna shiga gwiwata ba. Na danna tafin hannuna, jinin ya biyo ta tsakanin yatsuna. Na waiga neman tsumma, babu riga a jikina sai yagaggen singileti. Farar ledar tana gefensa, ta faɗo tare da teburin. Na fizge ta na yage da haƙori.

Ya ga abin da na ciro. Ya kama wuyan hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Kai! Kada ka... na Inna ne."

"Sake ni, Yaya."

"Wallahi idan ka sa shi ban yafe ba."

Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na dunƙule ƙyallen na danna a goshinsa. Fari ne tas, yana ƙamshin miski. Ina kallo ja ya huda ninki na farko, ya huda na biyu. Yaya ya rufe ido ya fara kuka, irin kukan da ban taɓa ji a bakinsa ba ko ranar da aka binne babanmu.

A mota yana riƙe da ƙyallen a kai har muka kusa asibiti. Ya ce, "Faɗuwa na yi a banɗaki. Kai kuma ka tsaya a mota da wannan bakin naka. Idan aka ce faɗa ne, 'yan sanda za su shigo, daga ni har kai jirgi za a sa mu. Khalas, shi ke nan." Aka yi masa ɗinki tara. Ya fito da bandeji, ya miƙo min likkafanin a cikin wata ledar asibiti ba tare da ya dube ni ba, ya ƙi shiga motata, ya tsayar da tasi ya koma Najma.

Ƙyalle ɗaya ne ya ɓaci a cikinsu, babban. Na wanke shi a bahon wanka da ruwan sanyi da gishiri, na sake da sabulu, na sake da omo, sau uku ina cuɗawa har fatar hannuna ta yi fari. Ina cuɗawa ina sane da cewa zamzam ɗin da ya tsaya a rana dominsa nake aikawa cikin rariya. Jan ya fita, amma ya bar wata shata mai faɗin tafin hannu, kalar shayin da ya zube a riga. Akwai 'yar kwalbar zamzam da ya ba ni tsaraba, na juye ta duka a wurin, na shanya a kan kujerun cin abinci. Washegari na canza tikiti. Na sayi wata kwalbar turaren da wata abayar, na ɗaure kayan mutane, na auna su da sikelin da ya bari a ƙasa.

Na tarar da Inna ta fi yadda nake tsoro. Tana kwance a kan katifa a ƙasa, 'yar uwata tana yi mata fifita. Da ta ji sallamata ta ce a tayar da ita zaune. Na durƙusa, ta lalubo fuskata da hannu biyu kamar yadda ta saba tun da idon ya tafi. Yatsanta ya tsaya a kan leɓena, ya taɓa haƙorin da ke girgiɗi. Ta janye hannunta. Ta ce, "Ina kayana?"

Na ɗora mata a cinya. Ta warware a hankali, tana shafa kowane ƙyalle tana kai shi hanci. Da ta zo kan babban ta daɗe tana shinshinawa.

"Wannan omo ne."

Na sunkuyar da kai.

Ta ce wa 'yar uwata ta ba mu wuri. Da ta fita, Inna ta bi ƙyallen da tafin hannu har ta kai inda cuɗa ta sa ya yi laushi fiye da sauran.

"Jini ne?"

"Jini ne, Inna."

"Naka ko nasa?"

"Nasa."

"Kai ka fitar masa?"

"Ni ne."

Na gaya mata komai, har da ƙauyukan, har da ƙaryar teku. Na ce ta yi haƙuri, ina komawa zan tafi Umara da kaina na kawo mata sabo, wannan a ba da shi sadaka. Ta sake shafa wurin da hannunta.

Sannan ta ce, "An wanke ai, ya tsarkaka. Kai ka zo. Shi ba za su bar shi ya zo ba, na sani. To ga jininsa nan a jikin ƙyallen, ya riga ka shiga kabarina. Ninke min, ka sa a ƙasan akwati, kuma kada wanda ya canza min shi."

Kwana bakwai na yi ina zaune a gefen katifar. Na ba ta kunu da cokali, na matsa mata ƙafa, ta sa na ba ta labarin garin da ruwa yake gudu a tsakiyar titi, ta ce lallai matan can sun huta. A rana ta takwas, bayan an idar da sallar asuba, ta cika. Na haddace tsarin tafiyar nan kamar karatun allo, saboda haka ba sai na duba ba, ranar ce na rubuta waya a kashe.

Mata suka yi mata wanka suka shirya ta. Kafin azahar muna maƙabarta. Ni na shiga ramin na karɓe ta, ba ta fi nauyin yaro ba. Da na kwantar da ita a gefen dama ina gyara mata kafaɗa, sai ga shatar nan daidai ƙarƙashin hannuna, kalar shayi, a kan kafaɗarta ta hagu. Na daɗe a sunkuye har liman ya taɓa ni ya ce na fito a jera itace.

Da muka dawo na zaga bayan gida na kira Yaya. An riga an gaya masa tun da safe. Yana bakin aiki, ina jin ƙugin manyan motoci a bayansa. Muka yi wa juna gaisuwa kamar baƙi.

Ya ce, "Da shi aka sa ta?"

Na ce, "Da shi, Yaya. Ita ta ce kada a canza."

Wata mota ta danna ham a kusa da shi, ta sake dannawa. Ya janye bakinsa daga wayar ya ce da direban, "Yalla, wuce," da wata murya da ba tasa ba. Sannan ya dawo ya ce min, "Auta, akwai mutane a ƙofa," ya kashe.